Basilin, man kaɗe ko loshan na kanti: wanne za ki shafa wa yaron da fatarsa ke yawan bori?

Ranar suna, kafin mata su watse, ɗakin mai jego ya cika da kayan barka: turamen atamfa, sabulai, hoda, kwalaben man shafawa na jarirai, ga fakitin wayif an jere kamar za a buɗe shago. Wata biyu ko uku bayan nan sai ƙuraje su feso wa yaro a kumatu ko a matse-matsin cinya, a shiga neman mai laifi. Kaka ta ce man kanti ne, a koma man kaɗe. Ƙanwar miji ta ce a nemi wanda aka rubuta babu paraben, wani sinadarin hana lalacewa, a jikinsa. Maƙwabciya ta turo lambar wata mai haɗa man oganik a Instagram. Ke kuma kina tsakiya, yaro na susa har dare ya raba.

Kafin ki zaɓa, akwai abu guda da in kin riƙe shi sauran za su zo da sauƙi: ruwa ne ke jawo sinadarin hana lalacewa. Ki bar kunu ya kwana a bazara, da safe ya yi tsami; man gyaɗa kuwa sai ya yi watanni a kwalba lafiya lau. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa hayayyafa inda babu ruwa. Loshan, kirim, shamfu da wayif duk yawancinsu ruwa ne, don haka dole kamfani ya zuba musu abin da zai kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba su ruɓe tun suna kan kanta. Wannan abin da ake zubawa yana da amfani na gaske. A 2014 an janye wayif na jarirai masu yawa daga kasuwannin Amurka saboda an samu ƙwayar cutar Burkholderia cepacia a cikinsu. Matsalar ita ce wasu daga cikin sinadaran nan su ne kan gaba wajen jawo borin fata.

Ma'aunin da za mu bi

Na farko, shin man yana da ruwa? Ki juya kwalbar ki duba jerin abubuwan da aka haɗa. Ana jero su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in kin ga Aqua ko Water a farko, to tabbas akwai sinadarin hana lalacewa can wajen ƙarshen jerin.

Na biyu, zama yake yi a fata ko wankewa ake yi? Shamfu yana minti ɗaya a kai a ɗauraye shi. Loshan da danshin wayif kuwa a fata suke wuni. Abin ya fi tsanani a ƙarƙashin famfas, inda ɗumi da laima da rufi ke sa fata ta shanye abin da aka shafa mata fiye da kima. Ga shi saman fatar jariri ya fi na babba siranta da kusan kashi 30 cikin 100.

Na uku, wane sinadari ne? Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, kuma nan ne zan daɗe.

Sai tsada, da daɗewa kafin ya lalace, da sauƙin amfani, da yadda yake dacewa da hunturu ko bazara. Ban sa farashi da lamba ba, domin kuɗin yau ba na gobe ba ne, sai dai in ce wannan ya fi wancan.

Akwai kuma bambancin da ya kamata ki sani tsakanin ƙunar fata da alaji na gaske. Ƙunar fata ita ce ta fi yawa: fitsari, kashi, sabulu mai kaifi ko gugar famfas su cinye fata, ta yi ja tana raɗaɗi, a daina abin ta warke. Alaji kuwa jiki ne ke haddace wani sinadari a matsayin abokin gaba. Yaro zai iya yin watanni ana shafa masa mai ba abin da ya same shi, rana ɗaya jikin ya juya masa baya, kuma in ya juya, galibi ya juya ke nan har girma. Ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa uwa ba ta cika zargin man da ta saba da shi ba. A baƙar fata kuma ba lallai ki ga ja ba. Wurin kan yi duhu, ko toka-toka, ko ya yi kaushi yana ɓarewa, in ya warke ya bar tabo mai haske ko mai duhu.

Sunayen da za ki nema a bayan kwalba

Wanda ya fi kowa ƙaurin suna shi ne methylisothiazolinone, ana taƙaita shi MI, da ɗan'uwansa methylchloroisothiazolinone, wato MCI. Labarinsu na da ban takaici. A 2004 wata mai bincike a Jami'ar Reading ta Ingila, Philippa Darbre, ta samu ɓurɓushin paraben a cikin samfura 20 na ƙarin cutar daji ta nono. Binciken bai nuna paraben ne ya jawo cutar ba, amma tsoro ya riga ya bazu, kamfanoni suka shiga rige-rigen rubuta babu paraben. To da me za a maye gurbinsa? Daidai lokacin, a 2005, Tarayyar Turai ta yarda a yi amfani da MI shi kaɗai har kashi 0.01 cikin 100, wanda ya ninka abin da ake samu a tsohon haɗinsa da MCI sau 25 da ɗoriya. An yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Cikin 'yan shekaru asibitocin fata a Turai da Amurka da Ostareliya suka cika da masu borin MI, har ƙungiyar likitocin borin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2013. A 2014 mujallar Pediatrics ta buga rahoton yara shida a jihar Connecticut masu ƙuraje a baki da hannu da ɗuwawu, an yi ta ba su magunguna iri-iri a banza, ashe wayif ne mai MI. Da aka daina goge su da shi suka warke. Daga 2017 Turai ta hana MI a duk abin da ke zama a fata, har da wayif, a abin wankewa kuma daga 2018 ta rage shi zuwa kashi 0.0015 cikin 100. Sai dai dokar Turai ba ta bin kayan da ake sayarwa a wasu ƙasashe, kasuwanninmu kuwa daga ko'ina ake shigo musu da kaya. Kuma MI na nan a wasu sabulan wanke-wanke na ruwa da fentin ɗaki.

Rukuni na biyu su ne masu sakin formaldehyde, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, a hankali: quaternium-15, DMDM hydantoin, imidazolidinyl urea, diazolidinyl urea, da bronopol wanda kan zo da dogon suna 2-bromo-2-nitropropane-1,3-diol. Su ma sanannu ne wajen alaji. Turai ta haramta quaternium-15 a 2019. Ga yaro mai saurin bori, ni dai zan ajiye duk kwalbar da na ga ɗaya daga cikinsu.

Paraben fa? Ta fuskar alaji yana cikin mafi sauƙi, har ƙungiyar nan ta Amurka ta ware shi a 2019 ta ce shi ne sinadarin da ake zargi alhali da wuya ya jawo bori. Damuwar da ake da ita a kansa ta wani fanni ce daban, wato yiwuwar ya kwaikwayi sinadaran halitta na jiki, shi ya sa Turai ta hana propylparaben da butylparaben a man da ake shafawa a wurin famfas ga yara 'yan ƙasa da shekara uku. Methylparaben da ethylparaben an bar su. Abin lura ɗaya shi ne, a fatar da ta riga ta tsage ko take tsattsafo da ruwa, paraben ma kan iya tayar da bori.

Phenoxyethanol shi ne za ki fi gani yanzu. Alajinsa kaɗan ne. Hukumar magunguna ta Faransa ta ba da shawara a 2012 a guje masa a wurin famfas, amma kwamitin masana na Tarayyar Turai ya sake dubawa a 2016 ya ce har kashi 1 cikin 100 ba matsala ga kowane shekaru. Sodium benzoate da potassium sorbate, waɗanda ake sa wa abinci ma, su ma masu sauƙi ne, sai dai sukan sa wasu yara ɗan ja ko raɗaɗi na ɗan lokaci.

Kada hankalinki ya tsaya kan waɗannan kaɗai. Turare, wanda ake rubutawa Parfum ko Fragrance, yana cikin manyan masu jawo bori, haka lanolin da ake samu daga gashin tumaki. Kalmar hypoallergenic kuwa ba ta da wata ƙayyadaddiyar ma'ana a dokar Amurka, kowane kamfani na iya manna ta.

Basilin

Tsohon hannu ne, tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka. Babu ruwa a cikinsa, don haka babu sinadarin hana lalacewa, kuma da wuya ƙwarai a samu wanda jikinsa ke ƙinsa. Har likitocin da ke gwajin alaji da shi suke kwaɓa sinadaran da za su manna wa mutum a baya, saboda sun san shi kansa ba ya tayar da komai. Yana da araha, ana samunsa a kowane kemis, yana shekaru bai lalace ba. A hunturu babu kamarsa: ki shafa da zarar an fito wanka, jiki na da sauran danshi, ya kulle ruwan a ciki.

Aibinsa maiƙo da nauyi. A zafin Afrilu, in aka lafta wa jariri shi a wuya da baya, sai ƙurajen zafi su biyo. Sannan ba kowane abu mai kama da basilin ne basilin zalla ba. Wanda aka rina shi ruwan hoda ko shuɗi yana ƙamshi, an zuba masa turare, ya fita daga wannan sahun. Ki nemi wanda jerinsa kalma ɗaya ce, Petrolatum ko White soft paraffin, da lambar NAFDAC in a Najeriya kike.

Wani haɗari da ba a cika faɗa ba: maiƙon yana jiƙa riga da zanen goyo, su zama masu saurin kama wuta. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta sha gargaɗi a kan haka. A gidajenmu da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin sanyi, ga turaren wuta na mai jego, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Man kaɗe da sauran man gargajiya

Man kaɗe na asali shi ma ba shi da ruwa, ba ya buƙatar sinadari. Ya fi basilin shiga fata, yana narkewa da ɗumin tafin hannu, kuma alajinsa ba kasafai ake ganinsa ba. In kina kusa da inda ake yinsa, kamar jihohin Neja da Kebbi da Kwara ko wajen Tamale a Gana, yana da sauƙin kuɗi. A kaina, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin yaranmu, da sharaɗi ɗaya: ki san wajen wa kika saya.

Domin a nan ne gizo ke saƙa. Man kaɗe ba ya zuwa da jerin abubuwan haɗi. Akwai mai gauraya shi da wani mai don ya yi auki. Akwai wanda ba a dafa ya tsane sosai ba, ruwa ya maƙale a ciki, bayan 'yan makonni ki ga ɗigo-ɗigon baƙi ko kore na fumfuna. Akwai wanda ya sha rana a faifai a kasuwa har ya fara wari mai kaifi. Mai kyau ƙamshinsa na ɗanyen ƙwara ne da ɗan hayaƙi-hayaƙi, in kin murza ya narke ba tsakuwa. A rufaffen mazubi a inuwa yakan kai shekara. Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, ba da jiƙaƙƙen yatsa daga bahon wanka ba.

Man kwakwa da man alayyadi su ma babu ruwa, kuma iyaye sun daɗe suna amfani da su. Biyu ne zan ce a yi hattara. Man zaitun, duk da darajarsa a wajenmu, wani bincike a Jami'ar Sheffield a 2013 ya nuna shafa shi kullum yana raunana katangar fata. Ba maganar ci ko sha nake ba, maganar shafa wa fatar da ta riga ta yi rauni nake. Na biyu man gyaɗa. Wani bincike a Ingila a 2003 ya gano alaƙa tsakanin shafa wa jarirai kirim mai man gyaɗa a fata mai ƙuraje da kamuwa da alajin gyaɗa daga baya. Yaron da zai tashi cikin kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da miyar taushe, bai kamata a fara gabatar masa da gyaɗa ta tsagaggiyar fata ba. Ta baki ya kamata su fara haɗuwa, lokacin da ya isa cin abinci.

Loshan da kirim na kanti

Su ne masu daɗin sha'ani. Ba maiƙo, suna shigewa nan da nan, ba sa ɓata kaya, a bazara da damina sun fi komai sauƙi. Yawancin yara kuma suna amfani da su lafiya, kada a ɗauka duk guba ne. Sai dai nan ne duk sunayen da muka lissafa suke taruwa, ga turare, wani lokaci ga launi. Kwalba ɗaya kan ɗauki abubuwa ashirin ko talatin, kowane ɗaya ƙofa ce da bori zai iya shigowa ta ita.

Tsada ba ta raba gardama a nan. Akwai mai araha da jerinsa gajere ne mai tsabta, akwai mai tsada cike da turaren furanni. Mai famfo ya fi mai faɗin baki, saboda yatsa ba ya shiga. A jikin da yawa za ki ga hoton ɗan gwangwani a buɗe an rubuta 6M ko 12M, ma'ana watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Zafin mota da na taga suna rage wannan wa'adin.

Wata ɗabi'a da na sha gani, ni ma na taɓa yi: loshan ya kusa ƙarewa, a tsiyaya masa ruwa a girgiza don ya ƙara kwana biyu. An sirka sinadarin da ke tsare shi ke nan, an kuma zuba masa ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan. Haka ma juye loshan cikin man kaɗe a kwaɓa. Kin shigar da ruwa inda babu mai gadi.

Haɗin gida da ake kira oganik

Wannan ne ya fi ba ni tsoro, duk da shi ya fi kyan talla. In mai ne zalla aka bugo, man kaɗe da man kwakwa kawai, to hukuncinsa na man kaɗe ne, sai dai kin biya ninki. Amma da zarar an sa ruwan alobera ko ruwan fure ko madara ko zuma da ruwa, to ɗayan biyu ne: ko an sa sinadarin hana lalacewa ba a faɗa miki ba, ko ba a sa ba man yana ruɓewa a hankali. Wasu kan ce bitamin E ne ke tsare nasu. Bitamin E yana hana mai yin wari ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ga man ƙamshi na tsirrai, irin su lavender da tea tree da na lemo, waɗanda in sun sha iska suke rikiɗa su zama masu tayar da bori.

Mafi muni shi ne wanda ake ɓoye magani a ciki. Wata 'yar'uwata ta sayi irin wannan haɗin don ƙurajen kumatun 'yarta. Kwana uku fuska ta yi sumul har da haske, kowa na yabo. Da robar ta ƙare, ƙurajen suka dawo sun fi na da, fatar ta yi laushi kamar takardar da ta jiƙe. A asibiti likita ya ce alamun kirim mai steroid ne mai ƙarfi. Irin kirim ɗin nan mai haɗi uku da ake saya a kemis ba takardar likita, wanda wasu iyaye da kansu ke matsawa cikin man kaɗe, yana sirantar da fatar jariri, jiki na shanye shi, kuma wasu na ɗauke da neomycin wanda shi kansa sanannen mai jawo alaji ne.

Man kemis na masu matsalar fata

A nan ki bambance mai kauri irin na basilin da mai ruwa. Emulsifying ointment ba shi da ruwa, ana iya shafawa ana iya wanka da shi maimakon sabulu. Aqueous cream kuwa, duk da ana yawan ba da shi, yana da sodium lauryl sulfate, sinadarin kumfa irin na sabulu, kuma a 2013 hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin yana sa raɗaɗi da ƙaiƙayi in aka bar shi a fata, musamman ga yara. Man zinc oxide yana da kyau ga wurin famfas, amma ki duba: wasu, irin haɗin zinc da man zurma, suna da Arachis oil, wato man gyaɗa da sunan boko. Kirim na musamman marasa turare da ake shigowa da su suna da inganci, tsadarsu ce matsala, ga jabu.

| Zaɓi | Ruwa da sinadari | Haɗarin bori | Tsada | Daɗewa | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|
| Basilin zalla | Babu | Ƙasa ƙwarai | Araha | Shekaru | Maiƙo, nauyi a zafi |
| Man kaɗe na asali | Babu | Ƙasa | Araha zuwa matsakaici | Kusan shekara | Sai an san mai sayarwa |
| Loshan na kanti | Akwai | Ya danganta da jerin | Matsakaici zuwa tsada | Wata 6 zuwa 12 bayan buɗewa | Mafi sauƙi |
| Haɗin oganik mai ruwa | Ba a sani ba | Sama | Tsada | Makonni | Ba jerin haɗi |
| Man kemis mai kauri | Galibi babu | Ƙasa | Matsakaici zuwa tsada | Ya daɗe | Maiƙo |

Wayif ko buta

Adalci shi ne a faɗi cewa wayif mai kyau ba ya cutarwa. Wani gwaji a Ingila da aka buga a 2012, kan jarirai 280, bai ga bambanci ba tsakanin wayif marar barasa da ruwa da auduga wajen danshin fata. Amma wayif tsumma ce da ke kwance cikin ruwa wata da watanni, dole akwai abin da ke tsare ta, kuma abin da ta bari a fata famfas ake rufawa a kai. Mu da muka tashi da buta, ba mu da dalilin mayar da shi abin kullum. Ruwan ɗumi da hannu ko auduga, a tsane da tsumma mai laushi, a bar wurin ya sha iska, ya fi araha kuma ba ya barin komai. Wayif na jakar fita ne, ranar asibiti ko biki ko doguwar tafiya. Ki zaɓi marar turare, marar MI da MCI, kuma kada ya zama abin goge baki da hannu bayan kowane cin abinci. In ƙuraje suka fito a baki da hannu da ɗuwawu lokaci guda, ko ke kanki yatsunki suka fara tsagewa, wayif ne farkon abin zargi.

Sabulu ba sai na ja ba, tunda wankewa ake yi: kaɗan, marar turare, ba kullum a duk jiki ba. Sabulun salo yana da kaifi ga fatar da ke bori. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bahon jariri kuwa ƙona fata yake yi, a bar shi.

Yadda za ki kama mai laifi

Ki dakatar da komai na mako biyu, ki bar ruwa da basilin zalla kawai. In fata ta lafa, ki dawo da abu ɗaya-ɗaya, kowane ki ba shi mako guda. Sabon mai kuma, ki shafa ɗan kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu safe da yamma na kwana bakwai kafin ki kai shi duk jiki. Tabbaci na ƙarshe yana wajen likitan fata, wanda zai manna sinadarai a bayan yaro na awa 48, ya duba, ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki tafi da duk kwalaben da kike amfani da su, har da na ki, domin man uwa da humrarta suna taɓa kumatun ɗan goye fiye da nasa man.

Wanne ya dace da wa

Jariri sabon haihuwa mai lafiyayyar fata ba ya buƙatar tarkace. Ruwa, da ɗan basilin ko man kaɗe inda ya bushe. Wani babban gwaji a Ingila kan jarirai 1,394, da aka buga a 2020, ya nuna shafa mai kullum bai hana ciwon ƙaiƙayin fata fitowa ba, don haka kwalaben barka za su iya jira.

Yaron da fatarsa ke bushewa da ƙaiƙayi, ko a danginku akwai asma da borin jini: marar ruwa, marar turare, sau biyu ko fiye a rana. Basilin da dare da hunturu, man kaɗe da rana.

In kina garin da zafi da gumi suka yi yawa, maiƙo na jawo ƙuraje: loshan marar turare mai gajeren jeri, wanda phenoxyethanol ko sodium benzoate ko methylparaben ke tsarewa, a kwalba mai famfo.

In aljihu ya yi ƙasa, basilin da buta sun wadatar, kuma ba ki rage wa ɗanki komai ba.

In an riga an tabbatar yaro na da alajin MI, aikin ya wuce kwandon kayansa: ki duba shamfun gidan, da sabulun wanke-wanke, kuma kada ya kwana a ɗakin da aka yi wa sabon fenti.

In kuwa ƙurajen na fitar da ruwa ko ɓawo mai ruwan zuma, ko da zazzaɓi, ko jaririn bai kai wata uku ba, wannan ba maganar canza mai ba ce, asibiti za ki nufa. Haka in duk gidan ake susa da dare, wataƙila ƙazuwa ce, kowa sai ya yi magani. Kumburin leɓe ko ido ko sarƙewar numfashi kuwa, ko tsakar dare ne a fita da shi.